Faifan da Na Ara a Sinnar

Shekarar da aka janye dinari aka dawo mana da jine, lokacin da kowa ke tsaye a layin banki da tsofaffin takardun kuɗi a aljihun jallabiya, ita ce shekarar da na shiga wannan sana'a. Gemuna ya riga ya fara fari. Ina faɗin haka ne saboda ku samarin da kuke cika mini zaure a nan Mai Wurno, kuna latsa waya da babban yatsa, kuna cewa rubuta manhaja aikin 'yan watanni ne, a kalli bidiyo a kwaikwaya. To ku gyara zama. Ban saba sauri ba, kuma ba yau zan fara ba.

Sunana Isiyaku, amma daga nan har kasuwar Sinnar Faki ake ce mini, wato malami, don sana'ata ta fari kwafar littattafai ce. Baffana Malam Buhari, Allah Ya jiƙansa, shi ya koya mini fiƙe alƙalami da dafa tawada da ƙaro, da yadda ake jan layi a takarda da zare ba tare da an bar alama ba. Muna kwafar littattafan fiƙihu da waƙoƙin wa'azi na ajami waɗanda kakanninmu suka ɗauko a gafaka tun daga ƙasar Sakkwato. A wurinsa na san ƙa'idar aro. Idan ka ari littafi don ka kwafa, ba ka mayar da shi yadda ka karɓa. Inda tawada ta kwanta ka tada ita, inda wancan marubucin ya tsallake kalma ka sa ta a gefe. Kuma in wani ya zo aron naka, ba ka da ikon hanawa, tun da kai ma ba a hana ka ba. Sannan akwai muƙabala. In ka gama kwafa sai ku zauna ku biyu, ɗaya na karanta asali da ƙarfi, ɗaya na bin kwafin da yatsa. Baffa bai taɓa yarda a karantar da almajiri littafin da ba a yi wa muƙabala ba, ko da kuwa shi ya rubuta da hannunsa.

Injin fotokwafi ne ya kashe mana kasuwa. Abin da nake yi a wata guda, shi yana yi kafin shayi ya huce. Ban tsaya zaginsa ba. Na kama ɗan shago a kasuwar Sinnar, cikin jerin shagunan Alhaji Garba, mutumin garinmu da ke sayar da man babur, wato injin jan ruwa daga kogi. Na sayi tsohuwar kwamfuta da firinta, na zama mai buga wa mutane takardun koke da na neman aiki da katin ɗaurin aure, da Larabci. Kullum da safe in hau ƙaramar bas daga Mai Wurno, kafin magariba in dawo.

Kwamfutar nan ta ba ni wuya ƙwarai. Tsarin da ke cikinta kwafin sata ne, kamar na kowa a kasuwar, don saboda takunkumin da aka sa wa ƙasarmu ko kana da kuɗin ba za a sayar maka da na gaskiya ba. In ka shiga intanet neman gyara sai a rubuto maka cewa ba a yi wa ƙasarku wannan hidima. Kowane mai zuwa da 'yar filasharsa sai ya bar mini fairus. Na'ura ta yi ta nauyi, takardu su ɓace, in ɗauke ta a kafaɗa zuwa wajen mai gyara ya wanke ta gaba ɗaya ya sake zubawa. In na tambaye shi abin da ya lalace sai ya ɗaga kafaɗa. Ba rowa yake yi ba, shi ma bai sani ba. Abin a rufe yake, ba a buɗe wa kowa cikinsa ba.

Wata rana da hantsi ina tsakiyar buga wa wata tsohuwa koke kan gonarta sai na'urar ta tsaya cik. Akwai wani dogon mutum da ke jiran layi, da tabarau da jaka a hamata. Ya ce da Larabci in ba shi wuri ya duba. Da ya ji tsohuwar tana mita da Hausa sai ya juya harshe shi ma, da wata Hausa da Larabci ya cinye rabinta. Shi ne Ustaz Usman, malamin makarantar koyon sana'a, ɗan wani ƙauyen Hausawa kusa da Rufa'a.

Ya ce, "Ya Faki, wannan jihaz naka ba ciwo gare shi ba. Bawa ne, ubangijinsa na can nesa, kai haya kake yi."

Na ce, "To kai da ka san 'yantar da bayi, mi kake jira?"

Ya yi dariya, ya zaro faifai daga jaka, an rubuta Linuks a kansa da jan alƙalami. Ya ce wannan tsari ne da mutane da yawa a duniya suka rubuta tare, kuma duk rubutun da aka gina shi da shi a buɗe yake, kowa na iya karantawa, ya gyara, ya ba wani. Na tambayi kuɗinsa. Ya ce ba a sayarwa.

Na ce, "Kenan aro ne."

"Kira shi yadda kake so."

"A'a, Ustaz, ba yadda nake so ba. A gidanmu aro na da hukunci. Ba a mayar da shi sai da ƙari."

Ya dube ni ta saman tabarau. Ya ce, "Tamam. Na ba ka aro. Ranar da ka sami ƙarin ka kawo mini, amma ni zan ce ya isa ko bai isa ba."

Muka yi musabaha a kai, tsohuwar nan ce shaida, tana cewa mu dai mu gama mata takardarta tukuna.

Aikin farko da na yi a sabon tsarin shi ne sa firinta ta yi bugu, kuma ya ci mini kwanaki ina rufe shago da wuri. Firintar ta ƙi jin maganar Linuks. Ustaz ya nuna mini baƙin allo, wurin da ake rubuta wa na'ura umarni da kalmomi maimakon a yi ta nuni da yatsa, ya tafi ya bar ni. Turancina a lokacin bai wuce na karanta kwalin magani ba. Sai na je wajen kafinta ya yanko mini sabon allo na katako, wanda ba a taɓa rubuta karatu a kansa ba, don ban yarda in haɗa karatun allo da umarnin na'ura ba. A kansa nake rubuta umarnin da alƙalamin kara, baƙaƙen boko daga hagu, ma'anarsu da ajami daga dama. In na haddace in wanke in rubuta wasu. Maƙwabcina mai sayar da takalma yana leƙowa yana cewa Faki ya fara rubuta wa injin rubutun sha. Na bar shi da bakinsa. Ranar da firinta ta ja takarda ta fitar da bismilla da na buga, ban kira kowa ya gani ba, na dai ci gaba da aikin mutane.

Daga nan na fara buɗe cikin abubuwa ina karantawa. Abin da na tarar ya ba ni mamaki, don gida na tarar. Ga matani, ga bayanin marubuci a gefe yana cewa na yi kaza saboda kaza, ga wani da ya zo bayansa ya gyara ya sa sunansa. Sai na ce wa Ustaz ina son in koyi rubuta irinsa. Ya ce a shekaruna? Na ce Baffana ya fara nahawu yana da jikoki. Ya kawo mini littafin Faiton, harshen da ake rubuta manhaja da shi, wanda aka buga a fotokwafi, injin nan dai da ya kore ni daga sana'ata, yanzu shi ke yi mini hidima.

Ku da kuke cewa abu ne mai sauƙi, ku ji. Na'ura ba ta da kara. Mutum in ka yi masa magana ka bar rabi zai cika maka sauran don kunya ko don sabo. Ita ba ta cikawa. Ka bar ɗigo biyu a ƙarshen layi, ta tsaya ta zuba maka jan rubutu. Ka shigar da layi ciki da tazarar da ba daidai ba, ta yi abin da ka rubuta, ba abin da ka nufa ba. Wannan bai dame ni ba, don wanda Baffa ya sa ya sake shafi guda saboda wasali ɗaya ba ya jin haushin na'ura. Abin da ya fi wuya shi ne sanin me kake so kafin ka nema. Sau da yawa sai in rufe kwamfutar in zauna a bakin shago in faɗi aikin da Hausa, daki-daki, kamar ina aiken wanda bai san gari ba. In Hausar ta tsaya da ƙafarta, rubutun ba ya wuya. In ta ƙi, to ban fahimci aikin ba tukuna.

Babban aikin da ya zo mini na ruwa ne. A bakin kogi kudu da garinmu akwai gonakin albasa da ayaba da manoma da yawa ke shayarwa da babur guda, ta tur'a guda, wato babbar hanyar ruwa. Kowace shekara sai an yi rigima a kan rabon. Shugaban kwamitinsu, Baba Dikko, tsoho ne mai faɗa, ya zo shagona ya zauna a kan buhun takardu ba tare da an ce ya zauna ba.

Ya ce, "An ce kana da injin da ba shi da ɗan'uwa a cikinmu. Shi muke so shi raba muna ruwa."

Na ce sai a rubuta wa kowa ƙarfe kaza zuwa ƙarfe kaza.

Ya buga sanda a ƙasa. "Wane ƙarfe? Na da ko na gwamnati?"

Gaskiyarsa. Tun da gwamnati ta tura agogo gaba da awa guda, rabin mutanenmu suka ƙi taɓa nasu, har ya zama in an ce maka ƙarfe bakwai sai ka tambaya na wa. Manoman nan ba da agogo suke karɓar ruwa ba. Da salla suke karɓa: daga asuba zuwa hantsi, hantsi zuwa azahar, azahar zuwa la'asar, la'asar zuwa magariba. Kuma waɗannan ba tsawonsu ɗaya ba, suna miƙewa suna tsukewa da tafiyar shekara. Ruwan asuba ya fi na rana albarka, ƙasa da sanyi, babur bai yi zafi ba. Wanda ke wutsiyar tur'a kuwa sai ruwa ya gama jiƙa hanya kafin ya iso shi. Abin da ake nema shi ne a juya layin yadda in wata ya ƙare kowa ya sami daidai da girman gonarsa, asuba ta zaga kowa, rana ma ta zaga kowa.

Don haka dole na'urar ta san tafiyar rana. Na samo wani rubutu a buɗe da wani bawan Allah a wata ƙasa ta arewa mai nisa ya yi na lissafin lokutan salla, na gina nawa a kansa. Duk lokacin sanyi ya yi aiki lafiya. Da bazara ta tsananta sai mai kula da babur ya aiko cewa la'asar ɗin takarda tana rigan ta ladan. Na kafa sanda a tsakar gida na auna inuwa da ƙafa, yadda aka koya mana, na ga ladan ne da gaskiya. Na bi rubutun layi-layi har na gano wurin. A ƙasarsu rana ba ta taɓa hawa tsakar ka ta wuce arewa ba, inuwar tsakar rana kullum gefe ɗaya take faɗuwa. Mu nan tana juyawa kudu na wasu watanni, sai lissafin ya rage abin da ya kamata ya ƙara. Ta ina mai rubutun zai sani? Kalma guda na sa a layin. Ustaz ya rubuta mini saƙon da Turanci muka aika. Mutumin ya karɓa da godiya, ya sa sunana a ƙasan rubutun, inda marubuta ke sa nasu.

Na ce wa Ustaz, "To, ga ƙari. Na sauke."

Ya ce, "La, la. Wancan mai littafin ka biya. Nawa yana nan, ya Faki."

"Kai dai ka iya bin bashi fiye da yadda ka iya Hausa."

"Ma'alesh, yi haƙuri. A haka za ka biya."

Rigima ta kwanta a bakin kogi. Mutane suka riƙa cewa abin da takardar Faki ta faɗa shi ne, na'ura ba ta da suruki. Wasu ƙauyuka suka fara zuwa da filasha, ina zuba musu, ina nuna wa malamin makarantarsu ko wani mai karatu yadda ake sa sunaye da girman gonaki.

Sai shekarar da ta biyo bayan rabuwar Kudu da ƙasarmu ta zo. Man babur ya yi tsada, jine ya zube, kowace awa ta ruwa ta zama abin faɗa. Alhaji Garba, mai shagona, yana da gonar ayaba babba a kan wannan tur'a. Ya zo da rana tsaka ya sa aka kawo mana shayi, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ce yana son ya sayi manhajar. Zai yafe mini haya, ya kawo sabuwar kwamfuta, ya sa mini albashi. Sharaɗi, a kulle ta yadda ba wanda zai ga cikinta, a daina bayarwa kyauta, shi zai riƙa ba wa kwamitocin da ke sayen mai a wurinsa.

Ya rage murya ya ce, "Kuma ka san ayaba ba ta son ruwan rana. Layi guda ne, Faki. In asuba ta riƙa faɗowa gefena sau da yawa kaɗan, wa za shi gane? Sun yarda da injin."

Na ce, "Alhaji, abin ba nawa ba ne balle in sayar. Aro ne."

"Aro wajen wa? Wancan mai tabarau? Zan biya shi."

"Ba ya karɓar kuɗi. Na gwada."

Ya ajiye kofi. "Ka yi tunani. Shaguna sun yi wuya a Sinnar bana, kuma kana da 'ya'ya mata da za ka kai ɗaki."

Da ya fita na zauna ina duban maganarsa guda: sun yarda da injin. Gaskiya ya faɗa, kuma nan ne haɗarin. Mutane suna karɓar takarda ba su san me ke cikinta ba, kamar yadda nake ɗaukar tsohuwar kwamfutata zuwa wajen mai gyara. In ni na ƙi, gobe zai samo wani yaro daga birnin Madani ya rubuta masa irinta, ya ce ita ce. Littafi ne ake karantar da jama'a ba a yi masa muƙabala ba. Na buga wa Ustaz waya na ce ya zo ranar Juma'a, na aika wa Baba Dikko ya tara mutane.

Bayan sallar Juma'a muka zauna a ƙarƙashin gawon da ke kusa da babur. Na buga rubutun manhajar gaba ɗaya a takarda, kwafi biyu. Manoma sun cika wurin, mata masu gonakin albasa suna gefe da mayafansu, Alhaji ma ya zo ya tsaya jikin motarsa. Na ce musu yau za su ji abin da ke raba musu ruwa. Ustaz zai karanta layi yadda yake, ni in faɗa da Hausa, malamin firamaren garin yana bin ɗaya kwafin da yatsa don kada in ƙara ko in rage.

Wani ya ce, "Faki, mu da ko Larabcin ofis yana ba mu ciwon kai?"

Baba Dikko ya ce, "Rufa muna baki, Audu. Ruwan ma ba ka san inda shi ka fitowa ba, amma kana sha."

Aka yi dariya, muka fara. Ustaz ya karanta, in ce: a ɗauki kowane manomi, a duba rabonsa na wata, a cire abin da ya riga ya sha. Wanda ya fi kowa saura, shi ke gaba. Suka riƙa gyaɗa kai. Aka zo lissafin rana, na ce wannan sai haƙuri, amma ga sanda ga ƙasa, mai shakka ya auna. Muka ci gaba har muka iso wani ɗan layi da ni ban ɗauke shi komai ba. Na ce: idan mutum biyu sun yi daidai a saura, a fara da wanda ya fi kusa da babur.

Wata mata mai suna Inna Hajo, wadda gonarta ke can ƙarshe, ta miƙe tsaye.

"Sake faɗi, Faki."

Na sake.

"Don mi? Na kusa da babur ko ba a ba shi ba ƙasarsa na da damshi. Mu da ruwa ka iso muna a gajiye, mu ne kuma za a bari baya in an yi kunnen doki?"

Wuri ya ɗauki hayaniya. Na ce ba wata hikima a ciki, dole ne a fara da wani, shi ya sa na sa haka. Baba Dikko ya ɗaga sanda aka yi shiru. Ya ce a zamanin iyayensu, kafin a lalata abin, in ruwa ya yi ƙaranci daga wutsiya ake farawa. Ya tambayi na kan tur'a ko akwai mai ja. Suka dubi juna, ba wanda ya iya ja a gaban jama'a. Na ciro alƙalami na soke layin a takarda, na rubuta sabo a gefe, na sa Ustaz ya karanta shi da ƙarfi. Inna Hajo ta ce a sa sunanta a wurin, tun da an ce masu gyara suna sa nasu. Na sa.

Da muka kai ƙarshe na ce musu, "Kun ji duka. Ba sunan kowa a ciki, ba ayaba ba albasa. Wannan takarda ta zauna wajen kwamiti. Duk wanda ya kawo muku rabo daga na'ura, ko ni ne, ya ƙi a karanta muku cikinta haka, ku mayar masa da abinsa."

Ban ambaci kowa ba. Alhaji ya tako har inda nake, fuska a sake saboda mutane. Ya ce a hankali, "Faki, ƙarshen wata ina son makullina."

Na sa hannu a aljihu na miƙa masa. "Ba sai ƙarshen wata ba, Alhaji. Tun jiya na kwashe."

Shekarar nan ta yi tsanani, ba zan ɓoye muku ba. Masu buga takardu ba su biyo ni Mai Wurno ba, don ofisoshin suna Sinnar. Kwamfuta ta dawo wannan zauren da kuke zaune. Wuta tana zuwa lokacin da ta ga dama, sai na samo batirin babbar mota da ƙaramin faranti mai ɗaukar hasken rana, in kunna na'ura in yi abin da zan yi kafin ya zube. Tawadar firinta ta gagara saye. Sai na koma gidan jiya: in fitar da rabon a fuskar kwamfuta, in dafa tawadata da ƙaro, in kwafe shi da alƙalamin kara, sunaye da ajami, wanda tsofaffin ma suka fi son haka. Kwamitoci suna biyana da albasa da dawa. Kayan ɗakin babbar 'yata sai da aka jinkirta su zuwa kaka ta gaba. Alhaji ya samo wanda ya rubuta masa tasa, mai launi da hotuna. Kwamitin farko da ya kai wa suka ce a zo ƙarƙashin itace a karanta musu cikinta. Ba a zo ba.

Manhajar kuwa ta yi ta tafiya daga filasha zuwa filasha, har wuraren da ban taɓa takawa ba. Wani lokaci takan dawo mini da gyaran wani da ban sani ba, in karanta, in wanda ya yi kyau ne in karɓa. Haka na ci gaba, ina rubuta wa asibitin unguwa da masu niƙa da makarantu ƙananan abubuwa, duk a buɗe. Da wannan na aurar da 'ya'yana.

Bayan wasu shekaru Ustaz Usman ya ajiye aiki ya koma ƙauyensu, ya karɓi gonar mahaifinsa. Ya aiko in zo. Na naɗe faifan nan nasa, wanda ya riga ya karce har ba na'urar da ke karanta shi, na sa a gafakar Baffa, na hau mota zuwa Rufa'a, daga nan aka kai ni a bayan a-kori-kura.

Na same shi a gona da wando naɗe zuwa gwiwa, tabarau duk laka. Gonar tana can wutsiyar tur'arsu, bayanta sai ƙaya. Ya ce mahaifinsa ya yi rayuwarsa yana faɗa a kan ruwa a wannan wurin, dawarsa ce kullum ke fara bushewa. Ya zaro takarda daga aljihu ya ba ni. Rabon ruwan kwamitinsu ne, wani malamin makaranta a can ya buga. Na gane tsarina tun daga kan layin farko.

Ya ce, "Ni da na kan tur'a mun yi daidai a saura wannan makon. Duba wa aka sa gaba."

Na duba. Sunansa ne, daga azahar zuwa la'asar.

Muka yi salla a kan kunya, muka zauna. Can sai ga ruwa ya taho ta cikin ƙaramar hanya yana tura busassun ganye a gabansa. Ustaz ya sa fartanya ya buɗe masa baki, ya tsaya yana kallo har ya shiga layin dawa na farko.

Na ciro faifan na miƙa masa da hannu biyu. Na ce, "Ga aronka. Ƙarin kuma ga shi nan yana shiga gonarka. Sai dai ba ni na rubuta layin ba, Inna Hajo ce."

"Kai ka kai littafin inda za ta gyara." Ya juya faifan a rana, ya goge shi da hannun riga. "Halas, ya Faki. Ya isa. Ba ni binka komai."

"Faɗi da Hausa mai kyau, a ji."

"Na karɓa, na yafe, Allah Shi yi albarka. Ta yi?"

"Ta yi."

Sai ya tsinko zare daga bakin buhu, ya zura a ramin faifan, ya ɗaure shi a kan doguwar sanda ya kafa a tsakiyar dawa. Iska ta juya shi, ya riƙa walƙiya, tsuntsayen da suka sauka a kan zangarniya suka tashi gaba ɗaya.

Na ce, "Ustaz, Linuks ɗin kenan?"

Ya ce, "To mi? Ai har yanzu aiki yake yi."